INA LITTAFI NA UKU?



Abin da ya sa na ɗauki biro yau, wata yarinya ce ta ba ni kunya a gidan suna. Muna zaune ana rabon waina, sai ta matso kusa da ni ta durƙusa ta gaishe ni cikin ladabi, ta ce, "Anti, don Allah ba ke ce kika rubuta littafin Saude ba?" Na ce ni ce, har ina gyara zaman mayafi, domin na zaci yabo ne zai biyo baya. Sai ta ce, "To Anti ina na ukun? Wallahi ina amarya na karanta na ɗaya da na biyu, ga shi wannan goyona na biyu ke nan, har yau Saude tana tsaye a bakin ƙofa da akwatinta." Mata suka kwashe da dariya. Na yi yaƙe na ce mata yana nan tafe in Allah ya yarda, ayyuka ne suka yi mini yawa.

Ban yi mata ƙarya ba, amma kuma ban faɗa mata gaskiya ba. Ayyuka kam na yi su. A cikin shekara huɗun nan da na bar Saude a tsaye, na rubuta wasu gajerun littattafai guda biyu, na haɗa ɗan littafin girke-girke, na duba wa ƙawayena marubuta littafinsu ya fi a ƙirga, na karɓi riƙon littafin adashin unguwarmu da babu wanda ya tilasta mini. Shi kansa na ukun na sake kwafe babinsa na farko har sau huɗu da kyakkyawan rubutu, na saya masa sabon littafin rubutu mai bango mai kauri, na zaɓa masa hoton bango, har jerin sunayen waɗanda zan yi wa godiya da fatan alheri na gama. Abu ɗaya ne kawai ban yi ba, shi ne ban rubuta shi ba.

Wannan ciwo shi nake so mu duba, domin ba ni kaɗai ya kama ba, kuma ku masu karatu ku ne kuke biyan kuɗin maganinsa ba tare da kun sani ba. Ni sunan da na sa masa shi ne gudun aiki da aiki. Ba lalaci ba ne. Malalaciya ta san kanta, kowa ma ya san ta, tana kwance rana ta take, in an yi mata faɗa ta san ta ci. Ita kuwa mai gudun aiki da aiki tun asuba take tsaye, gumi har ƙafa, ana yaba mata ana cewa wance akwai himma, alhali ita kaɗai ta san wane aiki ne take kewaye wa. Ke ma 'yar uwa kin san shi. Ranar da ya kamata ki je gidan surukarki ki ba da haƙuri a kan wata magana, ai ranar ce za ki tuna kwanukan cikin kabad sun yi ƙura, ki sauke su kaf ki wanke, ki kwance labule, ki tsefe wa yara kai, ki daka yajin da zai kai ki azumi. Magariba ta yi ki ce kash, yau ma ban samu zuwa ba. Gida ya yi fes, amma maganar tana nan inda take.

Turawa ma sun san da shi, har wani ya yi masa kirari. Akwai wani malamin falsafa a jami'ar Stanford ta ƙasar Amurka, sunansa John Perry, wanda aka buga wata 'yar maƙalarsa a kan wannan hali a 1996. Abin da yake cewa a taƙaice, mai jan ƙafa ba zaman banza yake yi ba, kullum yana cikin yin wani abu, sai dai ba abin da ya kamata ba. Saboda haka maimakon ya yi ta faɗa da halinsa, gara ya yi masa dabara: ya ɗora wani babban aiki mai ban tsoro a saman jerin ayyukansa, sai ya zama garin gudun wannan babban ya gama duk sauran da ke ƙasa, har a riƙa yi masa kallon mutum mai ƙwazo. Maƙalar ta yi farin jini ƙwarai, har a 2011 aka ba shi kyautar Ig Nobel, wata kyauta ce ta raha da ake ba masu binciken da ke sa mutum dariya sannan ya sa shi tunani, kuma a 2012 ya mayar da ita ɗan littafi.

Ranar da na fara jin wannan magana na ji daɗi kamar an yi mini bushara. Na ce ashe ma ni 'yar boko ce ban sani ba. Amma da na kwana na tashi sai na ga inda gizo yake saƙar. Dabarar malam Perry tana tafiya daidai ne in aikin da ke saman jerin irin wanda ko an yi latti babu wanda zai cutu, kuma shi kansa ya faɗi haka, ya ce a zaɓi aikin da ake ganin kamar na gaggawa ne alhali ba haka ba. To shi malami ne mai albashi, in wata takarda ta kwana a teburinsa wata ya ƙare za a biya shi. Ni kuwa abin da ke saman jerina bashi ne. Yarinyar nan ta gidan suna daga kuɗin cefane ta tsakura ta sayi na ɗaya da na biyu, kuma da hannuna na rubuta mata a shafin ƙarshe cewa mu haɗu a littafi na uku. Wanda ya sayar miki da rabin atamfa ya ce ki dawo gobe ki karɓi sauran, ba zai wanke kansa da cewa ai ya share shago ya jera kaya ba.

Sai dai kada in yi son kai, akwai jinkirin da alheri ne, kuma duk wadda ta taɓa rubutu ta san haka. Labari kamar ƙullun waina yake. In kin niƙa yanzu kin zuba a tanda yanzu, abin da za ki kwashe ba zai ciwu ba, dole ki rufe shi ki ba shi lokaci ya tashi. Marubucin nan na Amurka, Mark Twain, ya fara littafinsa na Huckleberry Finn a 1876, ya yi nisa sai labarin ya cije masa, ya ajiye shi. A tsakanin nan ya fitar da wasu littattafai, har ya koma ya sake bin kogin Misisifi a jirgin ruwa a 1882 ya rubuta littafi a kan kogin. Bayan wannan tafiya ne ya dawo ya ƙarasa wancan da ya ajiye, ya fito a ƙarshen 1884, kuma shi ne yau ake ɗauka gwarzon littattafansa. Kin ga shi aikin da ya gudu gare shi ruwa ya ɗebo wa wanda ya bari. Yana rubutu a kan kogi, labarin yaron da ke bin kogi yana tashi a rufe.

To ta yaya za a bambance ƙullun da ke tashi da wanda ya yi tsami? Ni dai ban san wata hanya ba sai a ɗanɗana wainar. Shi ya sa na koma na zazzage buhun tsofaffin littattafaina, irin waɗanda muke saye a kasuwar Sabon Gari muna karɓar haya a unguwa a shekarun 1990, na haɗa da waɗanda 'yan mata suke turo mini ta waya yanzu, na karanta su da wannan ido. Ba zan kama sunan kowa ba, domin nawa ma yana cikin buhun. Abin da na gani ya ba ni mamaki: ashe gudun aiki da aiki ba a tsakar gidan marubuciya kawai yake tsayawa ba, har cikin littafin yake bin ta, kuma sawunsa a fili yake.

Ki ɗauki kowane littafi mai kashi uku ki lura. Na ɗaya yawanci da zafinsa yake zuwa, an haɗu, an ƙulla, iyaye sun ƙi, ko an yi kishiya, zuciyarki tana dukan uku-uku. Sai ki buɗe na biyu. A nan ne ya kamata a yi karon da aka daɗe ana jira, ranar da yarinya za ta dubi mahaifinta ta ce ba ta so, ko ranar da uwargida za ta faɗa wa maigida abin da ta ƙunsa shekara goma. Me za ki tarar? Biki. Shafi goma sha biyar ana buɗe lefe, akwati kaza, leshi kaza, shadda kaza, sarƙa 'yar Dubai. A gama a shiga kamu, a fita a shiga dina, a zagaya da ke falon amarya tun daga labule har turaren wuta, a girka miki abinci kala bakwai a gaya miki har yawan albasar da aka yanka. Da can nakan ce cika shafi ne kawai don littafi ya kai kashi uku a sami kuɗi, kuma akwai wannan ɗin. Amma yanzu da abin ya same ni na gane akwai wanda ya fi shi. Marubuciyar tana rubutu bil haƙƙi, biro bai tsaya ba, kullum tana cika shafi biyar tana jin ta yi aiki, amma wankin kwanukan kabad take yi. Tsoron shiga ɗakin surukar take ji.

Shaidar haka tana cikin na uku, in ya fito ke nan. Duk ƙullin da aka yi shafi ɗari biyu ana ɗaurewa sai a tsinke shi a shafi huɗu. Mugu ya yi haɗarin mota a hanyar Zariya. Kishiya ta haukace ta tona wa kanta asiri a tsakiyar kasuwa. Wata tsohuwa da ba mu taɓa jin labarinta ba ta ɓullo daga ƙauye ta ce ai yarinyar 'yar sarki ce aka sace tun tana jaririya. Haba jama'a! Maganar da muka biya kuɗi mu ji, wato me wannan mata za ta ce wa wannan miji, kuma me zai biyo baya, har aka rufe littafi ba a yi ta ba. Mota ce ta yi wa marubuciya aikinta.

Kada wata ta ce ai ja wa mai karatu rai shi ne gishirin labari. Haka ne, amma ja ya bambanta da ja. Ki tuna littafi na farko na Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya zauna a Zariya a 1936 ya rubuta. Gaba ɗayan littafin a kan jinkiri aka gina shi: Musa ɗan Sarki Abdurrahman yana so ya fita daga fada da dare, Waziri ya ƙulla masa makirci a waje, aku kuwa yana tsare shi da labari bayan labari har gari ya waye. Kowane labari da akun nan ya bayar, rai ake saye da shi. In ya yi shiru yaro ya fita, in ya fita ya halaka. Saboda haka ke mai karatu ba kya jin an kauce da ke daga hanya, jinkirin shi ne hanyar. To ki gaya mini, akwatin lefe na goma sha biyu, ran wa yake tsarewa? In an cire shafukan nan labarin bai rasa komai ba, to ba don ke aka rubuta su ba, don marubuciyar aka rubuta su, ta samu inda za ta fake.

Ki kuma duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Abin da ya fi kowane abu ɗaci a labarin, wato miji ya kori matarsa da 'ya'yanta tara saboda amarya, ba ta tsaya kewaye-kewaye ba, ta kai mu wurin ta sa mun gani, sannan ta bi matar nan cikin wahalar ciyar da yara da sayar da abinci. Akwai biki a littafin, akwai kayan ɗaki, amma kowanne yana ɗauke da nasa nauyin a cikin rigimar. Ina jin wannan rashin tsoron yana cikin dalilan da suka sa littafin ya yi tsawon rai, har aka fassara shi da Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Na san abin da 'yan uwana marubuta za su ce, domin ni ma na sha faɗarsa. Za su ce ke kin san mace ba ta da ɗakin rubutu, a gefen gado take yi bayan yara sun yi barci, ga girki, ga wanki, ga baƙi, ga maigida da ke ganin rubutun nan wasa ne, ga kuɗin ɗab'i da sai an sayar da na biyu ake samun na buga na uku. Duk gaskiya ne, kuma wadda wannan ya tsare babu mai ganin laifinta. Amma mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo. Lokacin da na rubuta na ɗaya da na biyu ina da goyo, babu mai aiki, da fitilar ƙwai nake yi in an ɗauke wuta, cikin wata biyar na gama. Yanzu yara sun girma, har teburi gare ni. In lokaci ne matsalar, a ina na sami na littafin girke-girke?

Zamanin waya kuma sai ya ƙara wa Borno dawaki. Yanzu marubuciya tana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, wata ma sai an biya kuɗi a shiga, ta kai tsakiya inda ya yi wuya, sai ki ga sanarwar sabon labari mai zafi. Fara sabo daɗi gare shi, kamar sabon ɗinki, kowa yana yabawa, ba a kai ga inda zai matse ba. Ba mu kaɗai ba ne kuwa. George Martin, Ba'amurken da aka yi fim ɗin Game of Thrones daga littattafansa, ya fitar da na biyar a 2011, mutane suka zuba ido ga na shida. A 2018 sai ya fito da wani ƙaton littafi na tarihin sarakunan cikin labarin, har aka gama fim ɗin a 2019 na shidan bai fito ba. Ba a ce bai yi aiki ba.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Victor Hugo na ƙasar Faransa. A 1828 ya yi yarjejeniya da mai buga littattafai zai kawo masa labarin nan na mai ƙusumbi da ke kaɗa ƙararrawar majami'ar Notre-Dame. Maimakon ya zauna, sai ya shiga rubuta wasannin kwaikwayo, ɗaya daga ciki ma ya tayar da ƙura a birnin Faris a farkon 1830. Mai bugawa ya gaji, aka sa sabon wa'adi da tara a kan kowane mako in ya sake saɓawa. Matarsa ce ta ba da labarin abin da ya yi: ya sayi kwalbar tawada da wata ƙatuwar rigar ulu mai rufe shi har ƙafa, ya kulle kayan fitarsa don kada ya sami abin sawa ya fita, ya zauna tun watan Satumba na 1830, ya gama a tsakiyar Janairu na 1831. Abin da ya gagara shekara biyu ya kammalu cikin wata huɗu da 'yan kwanaki. Abin lura a nan, mutumin bai ƙara himma ba, da ma yana da ita har ta yi yawa. Ƙofofin gudu ya toshe.

To ni me nake gudu? Tun da na tona wa wasu, bari in tona wa kaina. Saude ba daga sama na ƙirƙiro ta ba. Rabinta yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk danginmu da suka karanta sun gane, sun dai yi shiru. A ƙarshen na biyu na tsayar da ita a bakin ƙofa da akwati, bayan abin da mijin ya yi mata. Na uku dole ɗayan biyu: ko ta fita, ko ta mayar da akwatin. In na fitar da ita, kamar na ce wa Yaya zaman da kika yi shekara ashirin kuskure ne, kuma tana can a ɗakin har yau. In na mayar da ita, na yi wa 'yan mata irin wannan ta gidan suna ƙarya, domin ni a zuciyata ban yarda haƙuri irin wannan shi ne daidai ba. Sau biyu ina kai hannu ga motar hanyar Zariya in kashe mijin kowa ya huta, sai kunya ta kama ni in yage takardar. Daga nan sai in tuna ashe ban taɓa rubuta yadda ake dambun kifi ba.

Kuma na san mai wayo a cikinku ta riga ta harbo jirgina, ta ce to Anti, wannan sharhin da muke karantawa fa, ba shi ma kwanukan kabad ba ne? Shi ne mana. Ba zan musa ba.

Amma ranar Juma'ar da ta wuce na shirya na tafi gidan Yaya. Na same ta tana tankaɗe, na karɓa ina taya ta, muka yi ta hirar duniya har la'asar ban iya buɗe baki ba. Da na tashi tafiya ta rako ni zaure, sai ita ce ta ce, "Wai ke yaushe za ki ƙarasa littafin nan ne? Kin bar baiwar Allah a tsaye, ƙafarta ai ta yi sanyi." Na ce, "Yaya, ban san inda zan kai ta ba." Ta yi shiru tana gyara ɗaurin zani, can ta ce, "Ki bar ta ta yi magana tukuna. Ko za ta fita ko za ta zauna, ki bari ta faɗa masa. Ni ban taɓa faɗa ba."

Da na dawo gida na kai wa maƙwabciyata littafin adashi na ce ta riƙe, na haɗa mata da makullin kabad. Littafin girke-girke kashi na biyu da na fara na sa shi a ƙasan akwati. Jiya da dare na kai shafi na goma sha ɗaya. Saude ta ajiye akwatin a ƙasa, ba ta shiga ba, ba ta fita ba, ta juyo ta kira shi da sunansa na yanka.